Daga R.C.M. Zuwa L.E.A.: Hannun Iyaye A Makarantun Firamare Na Katolika A Kudancin Lardin Zazzau

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kachia, ya zarce Zonkwa har Kafanchan, zai riƙa ganin makarantun firamare a gefen hanya, akasarinsu da allon suna mai ɗauke da haruffan L.E.A. ko L.G.E.A., wato makarantun hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma. Idan ya lura da kyau, zai ga da dama daga cikinsu suna maƙwabtaka da coci, fili ɗaya, inuwar mangwaro ɗaya. Idan kuwa ya tsaya ya tambayi wani dattijo hanyar makarantar, ba mamaki ya ji ya kira ta R.C.M., wato gajeren sunan mishan ɗin Roman Katolika da Turanci, ko kuma ya ce makarantar Fada. Fada a nan ba fadar sarki ake nufi ba, sunan da ake kiran limamin ɗariƙar Katolika ke nan.

Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin waɗannan makarantu, daga shekarun 1930 zuwa lokacin da gwamnati ta karɓe su. Sau da yawa idan ana ba da wannan tarihi, sunayen Turawan mishan da na bishop-bishop kawai ake lissafawa. Amma abin da ya kamata malaman makaranta na yau su sani shi ne, Fada ɗaya tal, ko biyu, ba za su iya gina makarantu barjat a ƙauyukan da mota ba ta shiga ba. Mutanen gari ne suka ba da fili, suka buga tubali, suka ciyar da malami, suka kuma tsare makaranta. Abin da ya sami wannan hannu na iyaye bayan an karɓe makarantun shi ne babban darasin da ke cikin tarihin.

Shigowar 'Yan Mishan Na Katolika

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a tsoma baki cikin addininsu ba. Saboda wannan alkawari ne gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita ayyukan 'yan mishan a biranen Musulmi, ta bar musu unguwannin baƙi irin su Sabon Gari, da kuma ƙasashen da mutanensu ke bin addinin gargajiya. Kudancin Lardin Zazzau yana cikin irin waɗannan wurare, inda ake samun al'ummomi kamar Bajju da Atyap da Ham da Adara da Ikulu da Gbagyi, ga kuma maƙwabtansu na Kagoro da Marwa. 'Yan mishan na S.I.M. su ne suka riga zuwa wannan yanki, domin tun 1910 suka zauna a Kwoi.

Limaman Katolika da suka yi aiki a nan 'yan ƙungiyar S.M.A. ne, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856. Uku daga cikinsu, wato Oswald Waller da Joseph Mouren da Ernest Belin, sun isa Shendam a watan Fabrairun 1907, suka kafa zango a can. Da layin dogo ya kai Kano a 1911, aka mai da hedikwatar Arewa Kaduna a 1917, sannan Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, sai ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika waɗannan garuruwa, da yawansu kuwa Katolika ne. Su ne suka fara neman coci da makaranta domin 'ya'yansu. A 1934 aka ba Kaduna da Jos kowacce yankin aikinta, kuma daga wannan lokaci limamai 'yan ƙasar Ailan suka riƙe ragamar aikin. Kaduna ta sami bishop a 1953, aka ɗaga darajarta a 1959, inda John McCarthy ya zama Akbishop na farko.

Akwai dalilin da ya sa makaranta ta zama ginshiƙin aikin nasu. A 1927 Fafaroma ya turo Arthur Hinsley ya zagaya mishan-mishan na ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Ingila, shi kuwa ya shawarci limamai da su haɗa kai da gwamnati a kan ilmi, su fifita makaranta ko da ginin coci zai jira. Haka kuma, a 1929 Fafaroma Pius na 11 ya fitar da wasiƙa kan tarbiyyar matasa, inda ya jaddada cewa haƙƙin tarbiyyar yaro yana wuyan iyayensa tun kafin hukuma. Saboda haka Fada yana da umarni daga sama na ya buɗe makarantu, amma ba shi da isasshen kuɗi. Wannan giɓi mutanen ƙauye ne suka cike shi.

Yadda Ake Kafa Makarantar Ƙauye

Bisa yawanci, maganar makaranta daga gari take tasowa. Wani saurayi da ya yi aikin haƙar kuza a Jos, ko aikin layin dogo, ko wanda ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga yadda mai karatu yake zaune da alƙalami shi kuwa yana ɗaukar kaya. Ya ga kuma yadda malamin haraji na En'e yake rubuta abin da ya ga dama ba mai iya dubawa. Sai a taru a tafi wurin Fada a roƙi malami. Shi kuma yakan gindaya sharuɗɗa: a sami yardar mai gari da dattawa, a ba da fili, a gina aji da ɗakin malami, a kuma kawo yara masu yawan da zai isa a buɗe aji. Bayan haka sai a nemi izinin En'e da na Di'o.

Ginin kuwa aikin gayya ne, kowa da rabonsa. Maza su haƙo ƙasa su kwaɓa, su buga tubali, su saro itatuwan rufi. Mata su ɗebo ruwa daga rafi, su yi daɓe, su dafa abincin masu aiki. Yara su yanko ciyawa. Ranar ɗora jinka sai duk gari ya fito, domin a nan karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka take tabbata a zahiri. Kujerun farko ginin ƙasa ne ko gungumen itace, allon rubutu kuma katako ne da aka shafa wa baƙi, ko wani ɓangare na bango. Wannan ɗaki guda shi ne aji daga Litinin zuwa Juma'a, shi ne kuma coci ran Lahadi, a nan ne kuma manya suke koyon karatu da dare.

Ginin ƙasa da rufin ciyawa ba ya daɗewa sai da kulawa. Kowace shekara, kafin faɗuwar damina, sai an sake yaɓe an gyara jinka. Wannan larura ita ta riƙa dawo da iyaye cikin makaranta shekara bayan shekara. Ranar da gari ya tara kuɗin da ya isa a sayi kwano a yi rufi, rana ce ta alfahari, domin maƙwabta za su hango ƙyallin kwanon daga nesa su san cewa an wuce su.

Malami Da Kuɗin Makaranta

Malamin farko a irin wannan makaranta shi ne kuma katikis, wato mai koyar da addini da jan addu'a idan Fada ba ya nan. Da farko yawancin malaman baƙi ne daga Kudu, sannu a hankali 'yan ƙasa suka gaje su, musamman bayan an buɗe kwalejojin horar da malamai kamar St. Enda's da ke Basawa kusa da Zariya. Albashinsa kaɗan ne ƙwarai, saboda haka gari ne ke cika masa. A ba shi gona, a taya shi noma, da kaka kuma a kai masa damin dawa ko acca ko doya. Idan gwauro ne, akan sami gidan da zai riƙa ba shi tuwo. Shi kuma ya zama mai rubuta wa gari wasiƙa, mai karanta takardar haraji, mai ba da shawarar a kai marar lafiya asibiti. Da Hausa ake koyarwa a ƙananan azuzuwa, kuma wannan ya taimaka wajen yaɗuwar karatun Hausa da boko a tsakanin al'ummomin da kowacce ke da harshenta.

Wanda ya tashi a makarantar allo ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba. Can ma iyaye ne ke riƙe da malami, da kuɗin Laraba da hatsin kaka da noman gonarsa. Addinin ya bambanta, abin da ake koyarwa ya bambanta, amma ƙa'idar ɗaya ce: wanda ke koyar da ɗanka nauyinsa yana kanka.

Fada shi ne manajan makaranta a idon doka. Yakan zagayo a kan keke ko babur, ya duba rajista, ya biya malamai, ya yi wa yara tambayoyi. Makarantar da sufeton gwamnati ya amince da gininta da malamanta takan sami tallafin kuɗi. Sai dai tsarin tallafin da Sidney Phillipson ya tsara, wanda ya shiga dokar ilmi ta 1948, bai ɗauke duka nauyin ba. Ana lissafa abin da makaranta za ta kashe, sannan a cire wani kaso da aka ɗauka cewa jama'ar wurin za su biya, gwargwadon arzikin yankinsu. Ke nan doka da kanta ta gina makaranta a kan gudummawar iyaye. Wannan kaso daga kuɗin makaranta yake fitowa, sule-sule da sisi-sisi, daga cinikin citta da gyaɗa da kaji da awaki. Uwa takan sai da itace ko ta yi dakau domin ta cika. Yaro mai ƙwazo da mahaifinsa ya gaza, sau da yawa dangi ne ke haɗa masa, domin ana ganin idan ya sami aiki na kowa ne.

A wancan zamani firamare a Arewa shekara 7 ce: 4 a ƙaramar firamare, 3 a babba. Ƙananan suna ƙauyuka, babbar kuwa tana garin da Fada yake zaune. Yaron da ya ci jarrabawar aji 4 sai ya bar gida, a damƙa shi amana a gidan ɗan'uwa ko abokin uba ko malami. Ƙarshen mako ya taka a ƙasa ya koma gida ya ɗauko gari da kuka da daddawa. Ta wannan hanya gidaje da yawa suka riƙe 'ya'yan da ba nasu ba, zumunci ya ƙullu tsakanin ƙauyukan da a da ba sa ga-maciji.

A cikin gari, kamar Kaduna da Sabon Garin Zariya da Kafanchan, salon ya ɗan bambanta. Iyaye masu albashi ne, saboda haka karo-karo suke yi a ƙarshen wata, kafintoci da magina kuma su ba da ranakun hutunsu. Sistocin ƙungiyar O.L.A. sun kula da karatun 'yan mata a Kaduna, inda suka kafa kwalejin Queen of Apostles a Kakuri. Wasu iyaye Musulmi ma sun kai 'ya'yansu irin waɗannan makarantu na gari saboda ingancin karatunsu.

Makaranta A Cikin Rayuwar Gari

Da yake aji da coci wuri ɗaya ne, kowace Lahadi tamkar taron iyaye da malamai ce. Bayan addu'a malami zai faɗi yaran da ba su zo ba a makon, da waɗanda ba a biya musu kuɗi ba, da ranar da za a fito aikin gayya. Uban da ya tsare ɗansa a gona zai ji sunan gidansa a gaban jama'a. Babu buƙatar wasiƙar gayyata.

Da kaka akan yi bikin godiya. Kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, hatsi ko doya ko kaza ko akuya, a yi gwanjonsu a filin makaranta, kuɗin ya shiga asusun gini. Ƙarshen shekara kuwa akan tara gari a karanta sakamakon jarrabawa da babbar murya, daga na ɗaya har na kashin baya. Yara su yi maci da ganga da sarewa, su yi tsere da wasan kwaikwayo. Mata su ne ƙashin bayan duk waɗannan hidimomi, kuma daga irin wannan haɗuwa tasu ƙungiyar Zumuntar Mata Katolika ta sami ƙarfin da aka san ta da shi daga baya.

Amfanin wannan shuka ya bayyana. Peter Jatau, ɗan ƙasar Bajju, ya zama Akbishop na Kaduna a 1975, ɗan Nijeriya na farko a kan wannan kujera. Matthew Hassan Kukah, wanda aka haifa a Anchuna a 1952, ya kuma zama Bishop na Sakkwato a 2011, ya fara karatu ne a firamaren St. Fidelis da ke Zagom. Patrick Yakowa, gwamnan Jihar Kaduna daga 2010 zuwa 2012, ya bi ta St. Mary's Fadan Kaje da St. John's Kaduna. Bayan waɗannan akwai ɗimbin malamai da ma'aikatan jinya da sojoji da akawuna da suka riƙe ofisoshin gwamnatin Arewa.

Ɓangaren Da Ba Shi Da Daɗi

Adalcin tarihi ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Makarantar hanya ce ta shigar da yara addini, kuma dattawa masu riƙe da al'adun gargajiya sun gane haka, shi ya sa da yawa suka ƙi ba da 'ya'yansu, wasu gidaje ma suka rabu a kan wannan. Gasa tsakanin R.C.M. da S.I.M. ta raba wasu ƙauyuka gida biyu, kowane ɓangare da 'yar makarantarsa. 'Yan mata sun yi ƙaranci a azuzuwa, domin idan kuɗi bai isa ba namiji ake zaɓa. Ana korar yaro saboda bashin kuɗin makaranta, bulala ta yi yawa, wani malamin kuma yakan mai da yara 'yan ƙodagon gonarsa.

Bugu da ƙari, iyaye suna da hannu amma muryarsu ba ta kai ƙarfin hannun nasu ba. Ɗaukar malami da sauya masa wuri da korarsa duk suna hannun manaja. Malami yana iya rasa aikinsa saboda ya ƙara aure, ko don ya saɓa wata dokar coci da ba ta shafi aji ba. Saboda haka malamai da dama sun yi marhabin da komawa ƙarƙashin gwamnati.

Karɓe Makarantu

Sauyin ya zo ne daki-daki. Bayan rahoton Oldman na 1961, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar ilmi ta 1962, wadda ta kafa hukumomin ilmi na yankuna, wato L.E.A., ta kuma buɗe ƙofar miƙa musu makarantun mishan. Rikicin 1966 ya sa malamai da iyaye 'yan Gabas suka bar Arewa, makarantun gari da yawa suka girgiza. Da aka gama yaƙin basasa a 1970, ra'ayin cewa gwamnati ce ya kamata ta riƙe ilmi domin haɗin kan ƙasa ya yi ƙarfi. A Jihar Arewa ta Tsakiya, zamanin Gwamna Abba Kyari, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, aka karɓe makarantun mishan. Firamare suka koma hannun L.E.A., St. John's ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina.

Sai kuma shirin ilmin firamare kyauta, wato U.P.E., a watan Satumban 1976, zamanin Janar Obasanjo. An yi hasashen yara kamar miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Ba mai musun alherin wannan shiri. 'Ya'yan talakawa da 'yan mata da ba su da halin biya sun shiga aji, aka daina tambayar yaro addininsa a bakin ƙofa, malamai suka sami tsarin albashi da fansho.

Amma an yi asarar wani abu da ba a lissafa shi ba a lokacin. An gaya wa iyaye cewa komai kyauta ne, gwamnati za ta yi. Ɗan kwangila daga birni ya maye gurbin aikin gayya. Malami ya zama ma'aikacin da aka turo, albashinsa daga sakatariya, wani ma ba ya kwana a garin. Kalmar nan ta kayan gwamnati ta shiga bakin jama'a. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, albashi ya riƙa makalewa, gyara ya tsaya, sai aka tarar hannun da a da yake tallafe makaranta ya riga ya saki. A lokacin da nake aikin gwamnati na taɓa zuwa wani ƙauye inda iska ta yaye rufin aji, kwanon yana yashe a bayan makaranta har damina biyu ana jiran a ba da kwangila. Dattawan da ke zaune a inuwa suna kallonsa kuwa su ne yaran da suka yanko ciyawar jinkar farko ta wannan makaranta.

Kammalawa

Hukumomi sun gane wannan giɓi daga baya. Bayan ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato a 1999 da dokarsa ta 2004, daga wajen 2006 aka umarci kowace makaranta ta kafa kwamitin gudanarwa na al'umma, wato S.B.M.C., mai ɗauke da mai unguwa da iyaye maza da mata da malaman addini da tsofaffin ɗalibai. Wasu jihohi, kamar Legas a 2001 da Anambra a 2011, sun mai da wa majami'u wasu makarantunsu. Cocin Katolika kuma ya buɗe sababbin makarantu masu zaman kansu, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin manomi.

Muhawarar wane ne ya cancanci mallakar makaranta ba za ta ƙare nan kusa ba, kuma ba ita ce manufar wannan maƙala ba. Abin da tarihin R.C.M. ya nuna shi ne, iyayen da ba su iya rubuta sunansu ba sun riƙe makaranta shekaru da dama, saboda suna da aikin yi a cikinta, suna ganin malami kullum, kuma ana faɗa musu gaskiyar halin da ake ciki a bainar jama'a. Abin da suka rasa a wancan lokaci shi ne ta-cewa, shi ne kuwa abin da kwamitin al'umma yake ba su a yau, idan an bar shi ya yi aiki. Hedimastan da ke son ganin iyaye a makarantarsa kada ya jira sai ranar da yake neman kuɗi. Ya kira su ranar sakamako, ya buɗe musu littafin asusu, ya nemi shawararsu kafin ya yanke hukunci. Dattawan da suka ga wancan zamani kuma, tun suna raye, ya kamata malamai su zauna da su a rubuta tarihin kowace makaranta: wa ya ba da fili, wace shekara aka ɗora jinka, wane gida ne ya ciyar da malamin farko.